Injin Niƙan da Ba Ya Niƙa

Akwai wani inji da masu Ingilishi ke kira “milling machine”. Wanda ya buɗe ƙamus ya bi kalmomin biyu ɗaya bayan ɗaya zai fito da “injin niƙa”, har ya tura yaro da ƙwaryar dawa. Yaron kuwa zai dawo da dawarsa yadda ya tafi da ita, domin wannan inji ba ya cin tsaba. Ƙarfe ne abincinsa.

Ga kamanninsa. Tebur ne na zubin ƙarfe mai tafiya dama da hagu, gaba da baya. Sama da shi akwai kai mai hawa da sauka, cikin kan akwai sanda mai juyawa, a bakin sandar kuma wuƙa mai haƙora. Sai a ɗaure guntun ƙarfe a kan teburin, a riƙa murza hannayen injin guda uku, tebur yana miƙa wa wuƙa, ita kuma tana ɗebe ƙarfen siriri-siriri har siffar da ake nema ta bayyana. Manyansu, irin Bridgeport da aka fara ƙerawa a Amurka a 1938, sun kusa tan guda. Ƙananan, waɗanda su ne namu a yau, kan benci ake girka su, akwai ma wanda mutum biyu za su ɗaga.

Tun daga shekarun 1990 masu ƙananan maƙeru a bayan gida, a Amurka da Turai da Asiya, suke sayen ƙananan nan, su cire hannayen murzawa, su ɗaura motocin lantarki a gurbinsu, su miƙa wa kwamfuta ragama. Aiki ne na sifana da waya da lissafi. Amma sunayen da ke jikinsa sun isa a shimfiɗa tabarma a zauna a kansu, don su ke tona abin da ake yi a zahiri: duk abin da hannun gwani ke yi shiru, bai taɓa raɗa masa suna ba, sai an ba shi suna da lamba kafin kwamfuta ta iya shi.

Dutse, ɗan itace, ko wuyan riga

Kalmar “mill” daga Latin ta fito, inda “mola” ke nufin dutsen niƙa. Daga nan aka samo “molar”, sunan haƙoran ciki masu tauna. Mu ma kusa da nan muka sauka da muka ce musu turame. Su dutsen niƙa suka duba, mu turmin daka.

Daga dutsen, sunan ya koma kan gidan da ruwa ke juya dutsen, daga nan ya bazu kan kowace masana'anta mai aiki da abin da ke juyawa: ta auduga, ta katako, ta takarda. Kafin ya iso kan wuƙar ƙarfe, gari ya zube a hanya, juyawar kaɗai ta rage. Tamu kalmar “na'ura” ma bakin kogi aka haife ta. A Larabci sunan katafaren keken nan ne na katako mai ɗebo ruwa, irin waɗanda har yau ke birnin Hama na Siriya.

An daɗe ana jingina ƙirƙirar injin ga Eli Whitney da shekarar 1818, amma masu bincike na baya sun raba yabon tsakanin maƙeran bindigogi da dama na arewa maso gabashin Amurka, cikinsu har da Simeon North. Buƙatarsu ɗaya ce: su huta da gugar kowane sashen bindiga da magagari, su kuma sami sassa masu shiga gurbin juna. Wuƙar farko kusan magagari ce da aka naɗe ta zama da'ira.

Faransawa ba su bi ta wajen niƙa ba sam. Wuƙar “fraise” ce, injin kuma “fraiseuse”, sunan da ɗalibin makarantar fasaha a Yamai ko Maraɗi zai tarar a littafinsa. To amma “fraise” suna ne mai gida uku. Shi ne jan ɗan itacen nan mai ƙuraje-ƙuraje da ake nomawa a tsaunukan Jos. Shi ne wuyan riga mai tattara da manyan Turai ke sawa a ƙarni na 16. Shi ne kuma tattararren kitsen da ke riƙe da hanjin maraƙi. Wasu sun ce ƙaramar wuƙa mai dunƙulallen kai ta yi kama da ɗan itacen, wasu sun ce haƙoranta tattarar wuyan rigar suka ɗauko.

Ko wanne ne, sunan ya yi tafiya. Jamusawa suka ce “Fräse”, Italiyawa “fresa”, Rashawa “freza”, Turkawa “freze”, Japanawa “furaisu”. Larabawa suka karɓe shi “fariza”, ba su tsaya nan ba, suka sa shi a ma'aunin nahawunsu suka fitar da “tafriz”, kai ka ce ɗan gida ne tun kaka da kakanni.

Mu fa? Muna da “fere”, kamar yadda ake fere rogo, kuma kunne na kwaɗayin haɗa shi da “freze”. Sai dai kama da wane ba ta wane. Ba su haɗa komai ba, kuma feraya ɓawo kawai take cirewa. Yanka raba abu biyu ne, wannan aikin zarto ne. Fiƙewa tsini take fitarwa. Rarakewa ciki kaɗai take ci. Saura sassaƙa: masassaƙi ya sa gizago yana rage itace kaɗan-kaɗan har abin da ke zuciyarsa ya fito, abin da ke zuba ƙasa kuma sassaƙe ne. Injin sassaƙar ƙarfe, ke nan. Da wannan za mu ci gaba.

Inji ɗaya, riguna da yawa

Cikin ƙananan da aka fi miƙa wa kwamfuta ragamarsu akwai X2, na kamfanin Sieg da ke Shanghai. “Sieg” da Jamusanci nasara ce, amma injin ɗan Sin ne. A Amurka kamfanin Grizzly ya shafa masa koren fenti ya kira shi G8689, Harbor Freight ya shafa ja ya ba shi lamba 44991. Mai neman shawara kan gyaransa dole ya san duk laƙabobin, in ba haka ba ya wuce ɗan'uwansa a hanya bai gane shi ba.

Wannan X ɗin ma abin tsayawa ne. Mutum zai zaci X ɗin lissafi ce. A tsarin lambobin injuna na ƙasar Sin, harafin farko daga sunan aikin yake fitowa: X daga “xi”, sassaƙa, C daga “che”, aikin injin da ke juya ƙarfen kansa. Shi ya sa Sieg ke da X1, X2, X3 a gefe guda, C2 da C3 a ɗaya gefen. Cikakken sunan da Sinanci “xichuang” ne, kuma “chuang” gado ne, na kwanciya.

Ingilishi ma ya ga gadon, ya ƙara da jiki: akwai kai, akwai gwiwa a manyan injuna, akwai sirdi da tebur ke hawa. Sandar da ke juya wuƙa “spindle” ce, wato mazari, shi dai wanda tsofaffi ke kaɗi da shi. Ramin bakinsa mai tsukewa sau da yawa sunan Morse yake ɗauka, kuma ba Samuel Morse mai wayar tangarahu ba ne, Stephen Morse ne, maƙerin Massachusetts da ya fito da tsarin a shekarun 1860.

Faransanci kuwa madafa ya shiga. Mazarin “broche” ne, ƙarfen gashin nama, uban “brochette” ɗin da mai tsire a Zinder ya sani. Siririn ƙarfen da ake cusawa a gefen hanyar tebur don a matse ta “lardon” ne, ɗan yankin kitse. Hanyar kanta an yanke ta ne da faɗin baki irin na wutsiyar tsuntsu, a nan kuma aka yi saɓani kan tsuntsun: Ingilishi ya ce kurciya, Faransanci da Jamusanci suka ce tsattsewa.

Saura kalmar “manual”, na hannu, daga Latin “manus”. Shekara sama da ɗari injin ya yi ba wanda ya kira shi haka, domin babu wani iri da za a bambanta shi da shi. Kamar ɗinki ne: kafin keke ya zo ba a cewa ɗinkin hannu, ɗinki kawai ake cewa. Sabon abu ne ke tilasta wa tsoho ƙarin suna.

Tuba, canji, ko mayarwa

Aikin sauya hannayen murzawa da motoci, masu yinsa “conversion” suke ce masa, daga Latin “convertere”, juyowa. Ita ce kalmar da suke amfani da ita ga wanda ya bar addini ya shiga wani, da kuma canjin kuɗi. Da Hausa “tuba” ta yi nauyi, injin bai yi zunubi ba. “Rikiɗa” ta yi yawa, domin ƙarfen zubin nan yana nan yadda yake. “Gyara” na nuna da ma ya lalace. “Mayarwa” ta fi zama daidai: an mayar da na hannu na kwamfuta.

Abin sha'awa, haka aka faro tun ranar farko. A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons da injiniyansa Frank Stulen, a garin Traverse City na jihar Mishigan, suna ƙera ma'aunan fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Suka sa injin lissafi mai aiki da katin huda ya fitar musu da jerin lambobi. Mutum ɗaya ya tsaya yana karanta lambobin da ƙarfi, biyu suna riƙe da hannayen inji, kowa yana murza nasa zuwa inda aka faɗa. Sarrafawa da lamba ke nan, tun babu mota ko ɗaya.

A 1949 rundunar sojan saman Amurka ta ba da kwangilar a cire mutanen uku daga tsakani. Aikin ya faɗa hannun wani ɗakin bincike a jami'ar MIT, su kuma ba su ƙera sabon inji ba. Wani Cincinnati Hydro-Tel suka samo, suka ɗaura masa motoci, suka haɗa shi da na'ura mai karanta zaren takarda mai huji layi bakwai, suka nuna shi a 1952. Kakan duk injunan yau, shi ma mayarwa aka yi.

Haruffa uku

Sunan wancan tsari NC, sarrafawa da lamba. Da ƙananan kwamfutoci suka samu a wajen shekarun 1970 aka ƙara C a gaba, ya zama CNC.

C ta farko kwamfuta ce, kuma kafin ta zama na'ura sunan sana'a ce: mutumin da aka ɗauka aiki don ya zauna yana lissafi. Larabawa sun bi wannan sawu da “hasub”, ɗan'uwan hisabi. Faransawa suka kauce. A 1955 wani malamin Latin, Jacques Perret, ya ba kamfanin IBM shawarar “ordinateur”, mai jera abubuwa bisa tsari. Mu muka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, muka fi kowa yi mata kyauta.

C ta ƙarshe, “control”, daga tsohon Faransanci “contre-rôle” take: kwafin littafin kuɗi da ake ajiyewa don a gwada shi da na asali a kama ɓarawo. Asalinta bincike ne, ba umarni ba. Faransawan yau “commande” suke cewa, umarni tsantsa. Jamusawa “Steuerung”, tuƙi. Larabawa “tahakkum”, daga saiwar da ta ba mu hukuma da hukunci da hikima.

A nan Hausa ta yi sa'a. “Sarrafa” na nufin juya abu yadda kake so, tana kuma nufin ɗaukar ɗanyen kaya a mai da shi wani abu, kamar sarrafa fata ko gyaɗa. Kwamfuta na sarrafa inji, inji na sarrafa ƙarfe, kalma ɗaya ta ɗauki duka biyu. Kuma daga saiwar Larabcin da ta fito ne aka sami sarfu, ilimin yadda kalmomi ke sauya siffa.

Sai N ta tsakiya, lamba. Ɗan'uwanta a Ingilishi “digital” ne, daga Latin “digitus”, yatsa. An gudu daga hannu an faɗa kan yatsa.

Wasan da ke tsakanin sukuru da noti

Kowane hannun murzawa yana ƙarshen wani dogon sukuru, sukurun ya ratsa ta cikin noti, murzawar ce ke tura tebur. Notin nan ma kowa da abin da ya gani. Ingilishi ya ga ƙwallon ɗan itace. Bajamushe ya ce “Mutter”, uwa. Baturke ya ce “somun”, dunƙulen burodi, Larabawa suka ara suka ce “samula”. Mu muka ari na Ingilishi muka faɗaɗa shi har ya kai kan mutum, inda ake cewa notin wane ya kwance.

Tsakanin sukuru da noti dole a bar 'yar rata, in ba haka ba su cije. Don haka in kana murzawa gaba ka juya baya, hannun zai ɗan yi tafiyar banza kafin tebur ya amsa. A ƙananan injunan nan ratar kan kai kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita. Ingilishi ya kira ta “backlash”, dawowar bulala, kuma a bakin maƙera kalmar ta fara tun kafin 'yan siyasa su ɗauke ta ta zama martanin jama'a. Faransanci ya ce “jeu”, Jamusanci “Spiel”, duka biyu wasa. Mu muna da sako-sako da lako-lako, masu girgiza a baki kamar abin da suke nufi.

Gwani ba ya damuwa da wasan nan. Yakan wuce inda yake so, ya dawo ta gefe ɗaya kullum, ya ɗaure layin tafiyar tebur da ba ya aiki da shi. Hannunsa ya sani, ko da bakinsa bai taɓa faɗa ba. Kwamfuta kuwa abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. Ka ce ta zagaya da'ira, kowanne cikin layukan tafiyar tebur biyu zai juya baya sau biyu, sai ka tarar da tabo huɗu a jikin da'irar, ɗaya a kowace kusurwa. Magani biyu ne. Ko a auna wasan da agogon awo a rubuta wa kwamfuta adadinsa, ko a kore shi.

Korarsa ita ce sauya sukurun da wani mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke gangarawa tsakaninsa da noti, suna fita ta baya suna sake shigowa. Bajamushe ya haɗa bayanin duka a kalma ɗaya, “Kugelgewindetrieb”: ƙwallo, zare, kora. Mu muna da gajeriyar hanya, tunda bakanike ya riga ya mai da “ball race” boris. Sukuru mai boris.

Sunansa a kasuwa lamba ce, misali 1605: kauri milimita 16, tafiya milimita 5 a kowane zagaye. In an ƙara C7, ana nufin kuskurensa ba zai wuce milimita 0.05 a tsawon milimita 300 ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da aka sa masa yana isa tebur, na da kuwa sau da yawa ko rabi ba ya kaiwa. Amma santsin yana da farashi. Tsohon sukuru taurinsa ke riƙe kan inji a sama. Sabon, in aka ɗauke wuta, kan na iya sulalowa, sai an rataya masa nauyi ko an tokare shi da sanda mai iska. Wani aikin ke nan da ake yi shiru ba a san ana yinsa ba.

Korar wasa na buɗe wata ƙofa. Wuƙa na iya cin ƙarfe tana tunkarar tafiyar tebur, ko tana bin ta. Na biyun ya fi fitar da sumul, amma a inji mai wasa wuƙar kan fizgo tebur ta cusa kanta har ta karye. Ingilishi ya ce wuƙar na hawa, “climb”. Faransanci ya ce “en avalant”, wanda kunnen yau ke ji kamar “tana haɗiya”. Madafar dai.

Mota, direba, da hukumar agaji

A Hausa mota mai ƙafa huɗu ce. A nan kuwa ma'anarta ta asali ake nufi, mai motsarwa. Wadda aka fi ɗaurawa ita ce mai taku, “pas à pas” a Faransanci, taku bayan taku. Ba ta juyawa sulu kamar fanka. Kowane bugun lantarki ɗaya, ta matsa digiri 1.8, taku 200 ta cika zagaye.

Girmanta ana faɗinsa da NEMA 23 ko NEMA 34. Ɗan Najeriya zai ɗaga kai, don NEMA a wurinsa hukumar ba da agajin gaggawa ce. Wannan ta ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ce ta Amurka, wadda aka kafa a 1926. Lambar kuma ba ƙarfi take faɗa ba, faɗin fuskar mota ne: 23 na nufin kusan inci 2.3, wajen milimita 57. Motoci biyu na iya zama NEMA 23 ɗaya ta ninka ɗaya ƙarfi.

Kowace mota da direbanta, ƙaramin akwati mai karɓar saƙon kwamfuta ya mai da shi wuta mai ƙarfi. Saƙon iri biyu ne rak: taku da alƙibla. Direba na iya raba kowane taku gida takwas, zagaye ya zama bugu 1,600. Raba shi da milimita 5 na sukuru, ka sami bugu 320 a kowace milimita. Wannan adadi ne ake rubutawa a gurbin idon da a da yake kallon zanen awo a gindin hannun murzawa.

Mota mai taku ba ta kawo rahoto. In nauyi ya fi ƙarfinta ta tsallake taku goma, kwamfuta za ta ci gaba da lissafinta kamar ba abin da ya faru. Mai son rahoto sai ya sayi “servo”, wadda ke da ma'auni a bayanta yana faɗin inda ta kai. Sunan daga Latin “servus” ne, bawa. Injiniyan Faransa Joseph Farcot ne ya yaɗa shi a 1873, kan na'urar juya akalar jiragen ruwa. Da ita ce kalmar “control” ke komawa ma'anarta ta fari: littafi biyu, na umarni da na abin da ya auku, ana gwada su.

Harshen da ake yi masa magana

Layukan tafiya uku X, Y da Z ne, haruffan da René Descartes ya ware wa abin da ba a sani ba a littafinsa na 1637. Don a tuna wanne ne wanne, ana koya wa ɗalibi ya buɗe hannun dama: babban yatsa X, manuni Y, na tsakiya Z.

Umarnin kansa ana ce masa G-code, sunansa na takarda RS-274, daga farkon shekarun 1960. G21 na nufin a yi awo da milimita, G20 da inci. “G01 X50 F200” na nufin tafi kai tsaye zuwa 50 a layin X, da saurin milimita 200 a minti. F ɗin daga “feed” ce, ciyarwa. G02 zagaye ne yadda hannun agogo ke tafiya, G03 akasin haka. M03 ta tada mazari, M05 ta tsayar da shi. M30 kuwa ma'anarta ta asali ita ce aiki ya ƙare, a naɗe zaren takarda a mai da shi farko. Zaren ya daɗe da shiga gidan tarihi, umarnin naɗe shi yana nan.

Masu fassara wannan harshe su ma da labarin sunansu. Mach3, na Art Fenerty ɗan Kanada, ta tsohuwar ƙofar firinta mai ƙusoshi 25 take aika bugunta. LinuxCNC da EMC ake kiranta, tun tana hannun hukumar ma'aunai ta Amurka, har wani babban kamfani mai wannan suna ya nemi a sauya. Grbl, da Simen Svale Skogsrud ɗan Norwe ya fara a 2009, ko wasali ɗaya babu a sunanta, kowa da yadda yake furta ta. A kan allon Arduino take aiki, shi kuma sunan wata mashaya ce a garin Ivrea na Italiya, ita ma ta aro daga Arduin, wanda ya zama sarkin Italiya a 1002.

Da an kunna inji, bai san inda yake ba. Sai ya lallaɓa kowane layi har ya taɓa makunnin da ke ƙarshe, ya ce nan ne gida. Bayan gida kuma akwai sifili na biyu, wanda mai aiki ke zaɓa a jikin ƙarfen da zai sassaƙa. Sifilin nan daga Larabci “sifr” yake, wofi, kuma shi ne ya bi ta Italiya ya zama “zero”. Mu da su rijiya ɗaya muka ɗebo.

Abin da ya ƙi shiga lamba

Wani abu ya rage. In wuƙa ta ci fiye da ƙarfin ƙaramin inji, sai ya kama kakkarwa da ƙara, fuskar ƙarfe ta fito da tsage-tsage. Ingilishi ya ce “chatter”, surutu. Faransanci ya ce “broutage”, yadda akuya ke tsinkar ganye. Mai murzawa yana jin alamarsa a tafin hannu kafin kunne ya ji, ya sassauta. Mota mai taku ba ta jin komai. Shi ya sa allon sarrafawa ke da maɓallin rage saurin ciyarwa, da jan maɓallin tsayar da komai, duka biyu a inda hannu zai kai da sauri.

Kuma da yawa cikin waɗanda suka cire hannayen murzawa uku sukan koma su sayi na huɗu: ɗan faifai mai ƙas-ƙas ɗari a zagaye, ba ya haɗe da sukuru ko ɗaya, waya ce kawai ke bin bayansa. Sunansa MPG, mai haifar da bugu da hannu. M ɗin “manual” ce.

Akwai kuma tsarin aikin kansa. Motoci na buƙatar mazauni, sabon sukuru na buƙatar gidan boris, kuma mai inji ɗaya tak a kan wannan injin zai sassaƙa su, da hannu, kafin ya kwance shi. Wanda ya fara da kwancewa zai gane dalilin da ya sa ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an gama, aikin farko da wasu ke ba kwamfuta shi ne ta sake sassaƙa waɗannan sassan, su fi na farko kyau.

Inji mai haifar sassan inji, Sinawa na kiran irinsa “muji”, uwar inji. Japanawa ma uwa suke ce masa, kamar yadda maƙerinmu ya kira ƙarfen da yake dukan komai a kansa uwar maƙera. Injiniyoyin Japan har ƙa'ida suka fitar daga sunan: abin da aka haifa ba ya fin uwarsa daidaito. To ta ina ake samun ci gaba, in kowane inji iyakarsa ya kwafi na gabansa? A masana'antun da ke ƙera injuna mafi daidaito, har yau mutum ne ke shafa shuɗin tawada a kan hanyoyin tebur, ya duba inda ya yi tudu, ya sa ƙarfe mai kaifi ya kankare da hannu, ya sake gwadawa. Sunan sana'ar da Japananci “kisage”, kuma shekaru ake yi ana koyonta.